Kasuwar Hasashen Wasanni a Kan Bulokcen

Kasuwar hasashe dandali ne da ake saye da sayar da hannun jari a kan sakamakon abin da bai riga ya faru ba, kamar zaɓe ko wasan ƙwallo. Idan aka ce an gina ta a kan bulokcen, ana nufin ajiyar kuɗi da biyan wanda ya ci duk suna hannun wata manhaja ce da ke aiki a kan kundin da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, ba a hannun kamfani ɗaya ba. Ana kiran irin wannan manhaja yarjejeniya mai zartar da kanta, domin da zarar sharaɗin da aka rubuta mata ya cika sai ta biya, ba ta jiran sa hannun kowa.

A ce Arsenal za ta kara da Chelsea, aka buɗe tambaya: Arsenal za ta ci? Sai a fitar da hannu iri biyu, "E" da "A'a". Bayan an tashi wasa, hannun da ya dace da gaskiya ya zama dala 1, ɗayan ya tashi a banza. Idan kafin wasa ana sayar da "E" a kan senti 62, ke nan kasuwa na ba Arsenal kashi 62 cikin 100 na yiwuwar nasara. Wanda ya saya ba dole ne ya jira busan ƙarshe ba. In Arsenal ta zura ƙwallo farashi ya tashi zuwa senti 85, yana iya sayarwa ya kama gabansa.

A nan ta sha bamban da gidan caca. Can kamfani ne ke yanka farashi, shi ne kuma abokin karawar ɗan caca, kuma ya riga ya cusa ribarsa a cikin lissafi. Idan ya sa 1.91 a kowane ɓangare na wasan da ƙarfi ya zo ɗaya, wato wanda ya sa dala 1 ya ci zai karɓi dala 1.91, jimillar yiwuwar da farashin ke nunawa ta kusa kashi 105 cikin 100, wannan rarar ita ce rabonsa. A kasuwar hasashe mutane ne ke karawa da juna, dandali kuwa dillali ne, iyakarsa la'ada in yana karɓa.

Asali

Tunanin ya girmi bulokcen. A 1988 malaman Jami'ar Iowa a Amurka suka buɗe ƙaramar kasuwa a kan zaɓen shugaban ƙasa don bincike. A 2000 Andrew Black da Edward Wray suka kafa Betfair a Ingila, inda 'yan caca ke cinikin sakamakon wasanni a tsakaninsu. Masanin tattalin arziki Robin Hanson kuma ya fito da wata dabarar lissafi da ke ba kwamfuta damar yanka farashi ita kaɗai, ko da babu mai saye da mai sayarwa a lokaci guda.

Bayan bulokcen ɗin Ethereum ta fara aiki a 2015 ne aka samu inda za a ɗora duk wannan ba tare da kamfani a tsakiya ba. Augur, wadda Jack Peterson da Joey Krug ke cikin waɗanda suka kafa, ta tara sama da dala miliyan 5 a shekarar ta hanyar sayar da tokinta, wato kuɗinta na intanet, mai suna REP, amma ba ta buɗe ba sai Yulin 2018. Cikin 'yan makonni masu amfani da ita a kullum suka ragu zuwa 'yan gommai: kuɗin aika ciniki ya yi tsada, manhajar na da wuyar sha'ani, biya kuma yakan ɗauki kwanaki ko makonni. Polymarket, wadda Shayne Coplan ya kafa a 2020, ta koyi darasi daga wannan, ta zauna a kan Polygon, wata bulokcen mai arha da sauri. Akwai kuma waɗanda wasanni kaɗai suka sa gaba, irin su SX Bet da Azuro da Overtime.

Yadda ake gina ta

Tushen ginin ba shi da sarƙaƙiya. Mutum ya zuba dala 1, yarjejeniya ta kulle ta, ta ba shi "E" ɗaya da "A'a" ɗaya. Duk wanda ya dawo da biyun tare, a mayar masa da dalarsa. Saboda haka kuɗin biyan wanda ya ci kullum yana ajiye tun kafin a take leda, ba a cin bashin kowa. Kamfanin Gnosis ya rubuta wannan tsari a manhajar da kowa zai iya ɗauka, kuma a kanta Polymarket ta yi gini. Kuɗin da ake zubawa galibi kirifto ne da aka ɗaure darajarsa da dala, kamar USDC. Augur ta farko da ether, kuɗin Ethereum, ta yi aiki, sai ya zamana mutum zai iya cin hasashensa amma ya yi asara don ether ta faɗi kafin a biya shi.

Inda aiki yake shi ne haɗa mai saye da mai sayarwa. Hanya ɗaya ita ce littafin tayi, kowa ya rubuta farashin da ya yarda da shi. Ɗayar kuma tafkin kuɗi ne da wasu ke zubawa, kwamfuta na ciniki da shi bisa lissafi irin na Hanson. Tafkin ba ya jure wa wasanni sosai. Ƙwallo ɗaya na iya kifar da farashi cikin daƙiƙa guda, kuma wanda ke zaune a filin wasa yana ganinta kafin ta iso talabijin. Shi zai riga kowa saye a tsohon farashi, asarar ta faɗa kan masu tafki. Ethereum na rufe sabon shafi na kundinta duk bayan daƙiƙa 12, Polygon kimanin 2, duka biyun kuwa jinkiri ne a wajen wasan da ake cikin bugawa. Shi ya sa Polymarket take haɗa tayi a kan kwamfutocinta, sai kammala cinikin kawai take kaiwa kan bulokcen. Ta samu sauri, amma fa wani ɓangare na amanar ya koma hannun kamfani, abin da tun farko aka ce za a guje wa.

Wa zai faɗi wanda ya ci

Wannan ita ce ainihin matsalar, kuma duk wanda ya raina ta a wajen gini zai gamu da ita ranar biya. Bulokcen ba ta kallon ƙwallo. Ba ta san abin da ya faru a fili ba sai an gaya mata, kuma abin da aka gaya mata shi za ta zartar, gaskiya ne ko ƙarya, ba kuma a janyewa. Don haka kowace kasuwa tana buƙatar mai shaida.

Wasu suna dogara da cibiyoyi irin su Chainlink, waɗanda ke ɗebo sakamako daga kamfanonin tattara bayanan wasanni su shigar da shi. Wannan yana da sauri, sai dai amanar ta koma kan waɗancan kamfanoni. Augur ta bar shaida a hannun masu REP: mutum ya jingina tokinsa ya faɗi sakamako, in aka tabbatar ƙarya ya yi, ya rasa jinginar. Polymarket na amfani da tsarin UMA, inda wani zai ajiye kuɗin jingina ya gabatar da amsa, a ba da awa 2 ko akwai mai ja. In babu, magana ta zauna. In jayayya ta yi tsanani, sai masu riƙe da tokin UMA su kaɗa ƙuri'a, nauyin kowa gwargwadon tokinsa. Raunin a fili yake, mai dukiya shi ne mai murya. A Maris 2025 wata kasuwa a kan ko Yukiren za ta amince da yarjejeniyar ma'adinai da Amurka kafin Afrilu ta ƙare da "E", alhali ba a sa hannu a kan komai ba a lokacin.

Ana ɗauka wasanni sun tsira daga irin wannan tunda ci a allo yake. Yawanci haka ne, amma ba kullum ba. A Janairun 2023 an tsayar da wasan ƙwallon Amurka tsakanin Buffalo Bills da Cincinnati Bengals bayan ɗan wasan Bills Damar Hamlin ya yanke jiki ya faɗi a fili, daga baya aka soke wasan gaba ɗaya. A Oktoban 2024 ba a buga wasan Libiya da Najeriya na neman gurbin kofin Afirka ba, bayan an bar Super Eagles a filin jirgin Al Abraq dare guda, sai daga baya CAF ta ba Najeriya nasara da ci 3 da nema. To, wanda ya sayi "Najeriya za ta ci", ya ci ko bai ci ba? Amsar tana cikin kalmomin da aka rubuta ranar buɗe kasuwa: minti 90 ake nufi ko har da ƙarin lokaci da fenariti, me za a yi in an ɗage wasa, hukuncin hukuma na bayan fage yana shiga ko ba ya shiga. Mai rubuta waɗannan sharuɗɗa ya fi mai rubuta manhaja ɗaukar nauyin haƙƙin jama'a.

Doka da hukunci

A Amurka kotun ƙoli ta soke dokar tarayya da ta hana cacar wasanni a Mayun 2018, ta bar wa jihohi. Kasuwannin hasashe kuwa suna cewa su ba caca suke ba, kwantiragin kasuwanci ne da ke ƙarƙashin hukumar CFTC ta tarayya mai sa ido a kan irin waɗannan kwantiragi. Hukumar ta ci Polymarket tarar dala miliyan 1.4 a Janairun 2022 saboda aiki ba rajista, dandalin ya rufe ƙofa ga Amurkawa, sai a 2025 ya sayi kamfanin QCEX mai lasisi a kan dala miliyan 112 don ya samu hanyar komawa. Kalshi, wata kasuwar hasashe da ke da lasisi, ta fara kasuwannin wasanni a Janairun 2025, nan da nan jihohi irin su Nebada da Niyu Jasi suka umarce ta ta daina, magana ta tafi kotu. Singafo da Beljiyam sun toshe Polymarket a matsayin gidan caca marar izini.

A Najeriya kotun ƙoli ta yanke a Nuwamban 2024 cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba. Ta fuskar Musulunci kuwa, sauya suna ko fasaha bai taɓa jigon abin ba: kuɗi ne ake sawa a kan abin da ba a san ƙarshensa ba, ribar wani kuma daga aljihun wani take fitowa. Wannan ita ce siffar maisir da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta, kuma a kanta ne Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024.