Waiwaye: Yadda Amana Ta Raunana Tsakanin Matan Sansanonin Borno

Tun da aka fara rufe sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri, ciki har da na Bakassi a ƙarshen 2021, ake ta muhawara kan matan da suka fito daga daji bayan mayaƙan Boko Haram sun fara miƙa wuya. Wasu na mamakin yadda matan sansani ke ɗari-ɗari da su. Abin ya daɗe yana ruruwa.

Rikici ya ɓarke a 2009, Gwoza da Bama suka faɗa hannun mayaƙan a 2014, Baga ta biyo baya a farkon 2015, jama'a suka kwararo Maiduguri. A lokacin zumunci ne ya riƙe mata. Tukunya ɗaya kan zaga tanti uku. Ana kafa adashi da kuɗin ɗinkin hula, ana fita itace a ƙungiya, wadda ta haihu kuma ba ta rasa mai dafa mata ruwan wanka ko da ba su haɗa gari ba.

Ranar 9 ga Fabrairun 2016 ce, a ganina, ba a ba ta muhimmancin da ya kamata ba. 'Yan mata uku suka shiga sansanin Dikwa a matsayin masu neman mafaka, suka kwana cikin mutane. Da safe biyu suka tayar da bam, sama da mutum 50 suka rasu, akasari mata da yara. Ta ukun ta fasa. Rahotanni sun ce ta gane iyayenta da 'yan uwanta na cikin sansanin.

Ku duba abin da wannan ya taɓa. Wa ke karɓar baƙuwa da dare? Mace ce ke matsa mata tabarma, ta ba ta ruwa, ba tare da ta tambayi asalinta ba. Wannan karamcin maharan suka mayar makami. Daga nan hijabi mai faɗi ya zama abin tsoro, baƙuwa sai an san 'yar wace unguwa ce. Waɗanda aka ceto daga dajin Sambisa, da aka sace su da ƙarfi, su suka fi shan wahalar: ana kiransu matan Boko Haram, ana janye yara daga wasa da 'ya'yansu, a layin famfo a bar musu tazara.

An raba abinci da tantuna shekara da shekaru, amma wannan tsoron bai samu magani irin haka ba. Da shi matan suka koma garuruwansu, inda yanzu rijiya ɗaya za ta haɗa su da waɗanda suka fito daga dajin.