Abin da doka ta ce kan ƙananan tsuntsayen da ke zuwa mana daga Turai

Daga watan Satumba, da damina ta fara janyewa, ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari suna sauka a gonakin Mirya, Magarya da Matameye. Sun ƙetare teku da Sahara daga Turai, wasu nauyinsu bai kai giram 20 ba, kuma a nan yankin za su zauna har Maris ko Afrilu. Yawan wasunsu yana raguwa, kuma akwai doka a kansu, ko da yake mutane kaɗan ne suka sani.

Nijar tana cikin Yarjejeniyar Bon ta 1979 kan dabbobi masu ƙaura, wadda aka ƙulla a birnin Bon na Jamus. Ma'anarta a taƙaice, tsuntsun da ke yin ƙwai a Faransa ya yi rani a Damagaram amana ce a hannun duk ƙasar da ya ratsa. A 2014 ƙasashen suka amince da wani shiri na musamman kan tsuntsayen tudu masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya.

A gida kuwa, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ce ta tsara farauta. Ba a farauta sai da takardar izini, kuma izinin iri-iri ne: na farautar gargajiya daban, na kama dabba don sayarwa daban, na masu bincike daban. Ta hana farautar dare, da sa guba, da kora da wuta ko raga, da farauta bayan an rufe lokacinta. Wanda ya karya zai iya fuskantar tara ko ɗauri. Ma'aikatan gandun daji ne ke sa ido. Gaskiya ba yaro mai danƙo ne ke ƙarar da tsuntsayen ba, amma wanda ya zuba guba a bakin tafki don kashe tsuntsun jan baki, ba jan baki kaɗai zai kashe ba.

A ganina, dokar itatuwa ta fi ta farauta amfani ga waɗannan baƙi. Dubi gawo. Da damina yana tsaye tsirara, sai rani ya shigo ya yi ganye ya yi fure, daidai lokacin da tsuntsayen suke nan. Tsaya ƙarƙashinsa da hantsi a watan Disamba, za ka ga ɗan tsuntsu yana bin reshe yana tsince tsutsa daga ganye ɗaya zuwa wani. Da wannan tsutsar yake tara kitsen da zai ƙetare hamada. A ƙarƙashin dokar gandun daji ta 2004, gawo yana cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izini. Ba sabon abu ba ne a nan, tunda ana ba da labarin tsananin hukuncin Sarkin Damagaram Tanimun kan mai sare gawo. Sai kuma ƙudurin 2020 kan sassaben zamani (wato barin itatuwan da suka tsiro da kansu a gona a raine su), wanda ya ba manomi haƙƙi a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Alaƙar halin da Sahel ke ciki da yawan waɗannan tsuntsaye ta fito fili a 1969. Bayan farin da ya faɗa wa Sahel, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi cikin shekara ɗaya.

Don bin sawun tsuntsayen ne masu bincike ke sa musu ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, mai lamba da sunan ƙasar da aka sa shi. Wanda ya tsinci mataccen tsuntsu da irin wannan zobe ya rubuta lambar da ranar da wurin, ya kai wa ma'aikatan gandun daji mafi kusa. In da rai aka kama shi, a karanta lambar a sake shi, kada a cire zoben.