Atili da ɗinya sun iso Legas, amma wa ya koya wa yaranmu?

Yaron da ya tashi a duwatsun Pankshin ko na Gwoza ba ya jiran malamin asibiti ya faɗa masa abin da ake ci a daji. Tun yana bin yayyensa kiwo ya san ɗinya sai ta yi baƙi ƙirin, tsada ana tsotsewa a tofar da ƙwallon, gwandar daji kuwa ƙamshinta ke tona asirin ta nuna. Namu na Agege da Idi-Araba alawa da biskit suka sani, kuma laifin ba nasu ba ne.

Kayan nan suna zuwa mana. Motocin Arewa na sauke kuka, goruba, aduwa, magarya da tsamiya a kasuwar Mile 12, wani lokaci har da atilin Filato. Ku saya wa yara. Garin ɗan kuka ya fi lemu bitamin C, a dama shi a kunu ko nono. Atili mai maiƙo ne, yana riƙe ciki. A ruwan ɗumi ake jiƙa shi har ya yi laushi. Wadda ta zuba masa tafasasshe ta taurara shi, ta yi asarar kuɗinta.

Sai dai iskar Legas ba ta gida ba ce. Magaryar da za ta yi watanni a buhu a Arewa, nan damshi ke sa ta funfuna. Ki fasa ɗaya ki shinshina kafin ki biya. In ta yi tsami ko kin ga fari-fari, bar ta, wanki ba ya gyara ta. A gida a zuba a kwalba mai murfi, kada a ƙulle a leda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne itatuwan nan Kudu da ba mu saba da su ba. Akwai gwanja kusa, wanda Yarabawa ke kira ishin: ja ne, mai ban sha'awa, in ya nuna yakan tsage da kansa, baƙaƙen ƙwayoyi su leƙo. Wanda bai tsage ba guba ne, yana karya sukarin jini, yaro ya yi ta amai, jiki ya saki, wani har jijjiga. Ko nunannen ma ba a cin ƙwayarsa. Haka 'ya'yan bi-ni-da-zugu da ake shinge da shi, su ma guba ne, yara kan ɗauka gyaɗa ce.

Idan yaro ya ci, kada a tsaya ɗura masa manja, ba makari ba ne. In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari, a garzaya asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci don likita ya gani.