Shuka ba ta koyon jure gishiri da sabo

An daɗe ana cewa idan aka riƙa ba shuka ruwa mai gishiri kaɗan-kaɗan, za ta saba, har irin da aka ɗiba daga gare ta ya gaji juriyar. Maganar tana da ɗan tushe, don shuka takan ɗan daure na wani lokaci. Sai dai ainihin juriyar tana cikin ƙwayoyin gadon irin tun asali.

Shi ya sa dabino ke rayuwa a Bilma ta Nijar kusa da ramukan gishiri, sha'ir da auduga ma suna daurewa, amma wake da yawancin shinkafa sukan ƙone. A Kerala ta Indiya akwai shinkafar gargajiya mai suna Pokkali, wadda ke da ƙwayar gadon da ke tare sinadarin sodiyum da ke cikin gishiri a saiwa kafin ya hau ganye ya busar da shi. Ta hanyar barbara ake shigar da wannan hali cikin wasu irin.

Gwaji ba wuya. A shuka sha'ir da wake a tukwane masu ƙasa iri ɗaya, a ba su ruwa mai gishiri daidai wa daida, a lura da bakin ganye a ga wanda zai fara ƙonewa.

Don Allah a tura wa masu noman rani.