Hujjar Samuwar Allah da Shaidar da Mulhidai ke Nema

Hujjar samuwar Allah ita ce duk wani dalili da ake kafawa, na hankali ko na gani da ido, don tabbatar da cewa duniya tana da Mahalicci. Malaman tauhidi suna kiranta burhani. Wanda ya musanta kowane irin abin bauta shi ake ce wa mulhidi, a tsofaffin littattafai kuma ana kiran irinsu dahariyya, daga ayar Suratul Jasiya (45:24) mai ba da labarin masu cewa babu abin da ke halaka su sai zamani. Tambayar da ta daɗe a tsakani ita ce, wace irin shaida ce za ta sa mulhidi ya sauya ra'ayi? Amsar tana da wuya, domin tun kafin a kai ga hujjar kanta, ɓangarorin biyu ba su daidaita a kan abin da ya cancanci a kira shi hujja ba.

A zaurukan Sakkwato

Ɗalibin zaure a Sakkwato ya daɗe yana haɗuwa da wannan mas'ala a cikin Ummul Barahin, ɗan ƙaramin littafin Muhammad bin Yusuf as-Sanusi, malamin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya da ya rasu a 1490. Ɗalibi kan durƙusa gaban malam ya karanto jimla ɗaya da Larabci, malam ya fassara masa kalma bayan kalma, shi kuma yana amsawa da “na'am”. Abin da ake fara sanar da shi shi ne hukuncin hankali kashi uku ne: wajibi (abin da dole ya kasance), mustahili (abin da ba zai yiwu ba) da ja'izi (abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi). Daga nan a shiga siffofin Allah ashirin, irin su samuwa, daɗewa, wanzuwa, saɓa wa fararru (abubuwan da suke da farko), tsayuwa da kai da kaɗaita.

Hujjar da Sanusi ya kafa ba ta dogara da aya ko hadisi ba, da gangan, don a iya gabatar da ita ga wanda bai yarda da littafi ba. Ga yadda take: jikkunan duniya ba sa rabuwa da motsi da tsayuwa, waɗannan kuwa ana ganinsu suna zuwa suna wucewa, saboda haka fararru ne. Abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Fararre kuma samuwarsa da rashinsa daidai suke a wajen hankali, kamar sikeli da babu kaya a kansa, kuma ba zai yiwu ɓangare ɗaya ya rinjaya haka kawai ba sai da mai rinjayarwa. Masu wa'azi sun fi son taƙaita wannan da zancen da ake jingina wa wani Balaraben ƙauye, cewa kashin raƙumi yana nuna raƙumi, sawu kuma yana nuna matafiyi. Misali ne da ba ya buƙatar sharhi ga wanda ya taɓa ratsa kasuwar dabbobi ta Kara da sassafe.

Wannan hanya ta girmi Sanusi. Imam Gazali (ya rasu 1111) ya kare ta, Ibn Sina (ya rasu 1037) ya bi ta wata ƙofa yana rarrabe mai yiwuwar samuwa da wajibin samuwa, Ibn Rushd kuma (ya rasu 1198) ya fifita hujjar dacewar halitta da bukatun ɗan Adam. A 1979 wani masanin falsafa Kirista ɗan Amurka, William Lane Craig, ya farfaɗo da hujjar faruwar duniya, har ya bar mata sunanta na Larabci, kalam.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817) ya yi ja-in-ja mai tsawo da wasu ɗaliban wannan fanni. Su sukan tare talaka su yi masa tambayoyin tauhidi, in ya kasa kawo hujja yadda take a littafi sai su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana musu raddi, yana nuna cewa wanda ya furta shahada ana hukunta shi da zahirinsa, kuma imanin mai noma ko mai jima bai rataya ga iya tsara burhani ba. Ke nan ko a cikin gida an yarda cewa iya hujja daban, imani daban.

Abin da mulhidai ke cewa

Mulhidai ba bakinsu ɗaya ba, amma yawancin na wannan zamani suna cewa hujjar hankali zalla ba ta ishe su ba. Sukan ce ko da an yarda duniya tana da farko (masana sararin samaniya ma suna ƙiyasta shekarunta da biliyan 13.8), hakan bai nuna cewa sanadin mai rai ne, mai ji, mai aiko manzanni ba. Hujjar tsarin halitta kuwa, wadda William Paley ya misalta a 1802 da agogon da aka tsinta a daji, suna ganin bayanin Charles Darwin na 1859 ya rage mata ƙarfi, tunda ya nuna wata hanyar da tsari zai iya samuwa a hankali a hankali.

Abin da suke nema shi ne shaidar da za a iya gwadawa a kuma maimaita. Sukan ambaci misalai irin su yankakkiyar ƙafa ta sake tsirowa gaban likitoci bayan addu'a, ko annabci mai ɗauke da rana da wuri da adadi wanda aka tabbatar an rubuta shi kafin faruwar abin, ko addu'ar mabiya addini guda ta riƙa yin tasiri a asibiti fiye da ta sauran. Na ƙarshen an taɓa gwada irinsa. A 2006 aka wallafa sakamakon binciken da Herbert Benson ya jagoranta a asibitoci shida na Amurka, kan marasa lafiya 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya. Waɗanda ƙungiyoyin Kirista suka yi wa addu'a ba tare da an tabbatar musu ana yi ba, kashi 52 cikin ɗari sun sami matsala bayan tiyata, waɗanda ba a yi wa ba kashi 51, waɗanda aka sanar da su ana yi musu kuwa kashi 59. Mulhidai suka ce to ga shi. Masu imani suka ce addu'a roƙo ne, Wanda ake roƙo kuma yana da zaɓi, ba ƙwayar magani ba ce da za a auna da cokali. Kowa ya tashi da abin da ya zo da shi.

Game da mu'ujizojin da aka ruwaito, mulhidai sukan jingina da masanin falsafa David Hume, wanda ya ce a 1748 labarin mu'ujiza ba ya karɓuwa sai in ƙaryatuwar mai ba da labarin ta fi mu'ujizar ban mamaki. Malaman Musulunci suna amsa wannan da tawaturi, wato labarin da jama'a masu yawa suka ruwaito daga jama'a masu yawa har haɗuwarsu a kan ƙarya ta zama ba ta yiwuwa.

Ko gani ya kori ji?

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan karin maganar tana tangal-tangal. Alƙur'ani ya kawo buƙatun Ƙuraishawa a Suratul Isra'i (17:90–93): a ɓuɓɓugo da marmaro, a jefo sama guntu-guntu, a zo da gida na zinariya. A Suratul Hijri (15:14–15) kuma ya ce ko da an buɗe musu ƙofa a sama suna hawa, za su ce an rufe musu ido ne ko an yi musu sihiri. Abin lura shi ne wasu mulhidai sun amince da hakan a kan kansu: sun ce da za su ga rubutu a sararin sama, za su fara zargin taɓin hankali ko wata dabarar fasaha. A nan masu imani suke da gaskiyar tambaya, cewa wanda babu shaidar da za ta gamsar da shi, da me ya fi wanda yake zargi da rufe ido? Mulhidai kuma suna da tasu tambayar, wadda masanin falsafa J. L. Schellenberg ya tsara a 1993: in akwai Ubangiji mai son bayinsa su san shi, me ya sa ake samun mai nema da gaske da bai samu ba?

Sauya ra'ayi yakan faru. Antony Flew, Bature ɗan Ingila da ya shafe fiye da shekara hamsin yana kare ilhadi, wato musun samuwar Allah, ya bayyana a 2004 cewa ya yarda akwai mahalicci, yana mai kafa hujja da sarƙaƙiyar tsarin ƙwayar halitta. Sai dai bai shiga kowane addini ba, bai kuma yarda da wahayi ko lahira ba.

A ƙasar Hausa

Jayayyar da tarihin ƙasar Hausa ya sani ta shirka ce da bori, domin Maguzawa ma sun yarda akwai Allah, suna dai neman biyan buƙata wajen iskoki. Musun samuwar Allah ɗungurungum baƙon abu ne da ya fi bayyana da zuwan intanet, kuma masu wannan ra'ayi ba safai suke fitowa fili ba. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da 'yancin tunani da addini, amma dokokin jihohin Arewa suna hukunta ɓatanci ga addini. A Afrilun 2022 wata babbar kotu a Kano ta yanke wa Mubarak Bala ɗaurin shekara 24 kan rubuce-rubucensa na Facebook, kotun ɗaukaka ƙara ta rage shi zuwa shekara biyar a 2024.