Raba Linux a DVD, Blu-ray da babban filash

Raba babbar manhaja ta kyauta a manyan faifai shi ne a kwaso tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, irinsu Debian ko Ubuntu ko openSUSE waɗanda duk nau'o'in Linux ne, haɗe da dubban ƙananan manhajojin da ke aiki a kansa, a zuba su a DVD ko Blu-ray ko filash mai cin kaya da yawa, yadda mutum zai ɗora shi a kwamfutarsa tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya kunna data ba. Abin da ya halatta hakan lasisi ne. Lasisin GPL, wato ƙa'idar da aka saki Linux a ƙarƙashinta, da danginsa sun ba kowa damar ya kwafa ya bayar, ko ma ya sayar da faifan ya karɓi kuɗin wahalarsa, sharaɗin dai kar ya toshe wa na gaba irin damar da shi ya samu. Wato mai shago a Beirut Road ko Farm Centre a Kano da zai tura maka Debian a filash ya caje ka kuɗin aiki bai yi satar fasaha ba, saɓanin kwafin Windows na bayan fage da aka saba ɗorawa mutane.

Asalin abin

Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991 yana ɗalibi a Finland, lokacin intanet ɗin ma ta layin tarho ce mai tafiyar hawainiya, don haka mutane da yawa a faifai suke samun sa. Slackware na farko, wani nau'in Linux da Patrick Volkerding ya fitar a 1993 ya zo ne a faifan fulofi 24, kowanne mega 1.44 kacal yake ɗauka. CD da ya zo da mega 650 zuwa 700 shi ya sauya komai, kamfanoni irinsu Walnut Creek CDROM a Amurka suka riƙa buga Slackware da wani tsarin na kyauta mai suna FreeBSD suna aikawa ta gidan waya. To amma manhajoji sun fi faifan saurin girma. Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a watan Agustan 1993, ya kai CD 7 a sigar 3.0 ta 2002, sigar 3.1 ta 2005 ta kai CD 14 ko DVD 2, sigar 4.0 ta 2007 kuma CD 21 ko DVD 3. Daga sigar 5.0 ta 2009 aka fara haɗa na Blu-ray.

Girman faifan kenan ke yanke hukunci: DVD na gama-gari giga 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5, Blu-ray 25, mai hawa biyunsa 50. Debian 12 da ya fito a watan Yunin 2023 yana da fakitin manhaja sama da 64,000, cikakkensa na kwamfuta mai bit 64 ya haura DVD 20, amma a Blu-ray 'yan faifai kaɗan ne suke kwashe shi.

A ɓangaren Afirka akwai abu biyu da ya kamata a sani. Canonical, kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu mai yin Ubuntu, ya yi wani shiri mai suna ShipIt da yake aikawa mutane CD ɗin Ubuntu kyauta har kuɗin aikawar, ko'ina kake a duniya, aka rufe shi a 2011, kuma da yawa daga waɗanda suka fara sanin Linux a ƙasashenmu ta wannan ambulan ɗin suka san shi. Na biyu Freedom Toaster, wata na'ura da gidauniyar Shuttleworth ta tallafa aka girke a wuraren jama'a a Afirka ta Kudu, ka zo da faifanka da babu komai a kai ta buga maka abin da ka zaɓa. Ubuntu ɗin kansa ya daina shiga CD tun sigar 12.10, sigar 24.04 kuwa ta kusa giga 6, ko DVD na gama-gari ba ta shiga.

Yadda Debian ke jera kayansa

Nan ne mutane da yawa ke tsorata ba gaira ba dalili, su ji an ce DVD 20 da wani abu su ce wa zai iya wannan. Ai ba duka ake buƙata ba. Debian yana da wata manhaja mai suna popularity-contest wadda masu amfani da shi suke kunnawa da son ransu, tana kai rahoton manhajojin da aka fi ɗorawa, da wannan lissafin ake jera faifan, abin da kowa ke nema yana kan na farko, abin da sai ƙwararre a wani fanni ke nema yana can na ƙarshe-ƙarshe. Faifan farko shi kaɗai ya isa ka ɗora tsarin gaba ɗaya da fuskarsa irin GNOME ko KDE ko Xfce, da LibreOffice na rubutu da lissafi, da Firefox. In kana da sauran faifan sai ka gabatar da su ga kwamfutar da umarnin apt-cdrom add, daga nan duk manhajar da ka nema za ta gaya maka lambar faifan da zaka saka.

Akwai kuma ƙaramin da ake kira netinst wanda bai kai giga ɗaya ba, shi tushe kawai yake ɗauke da shi, sauran sai ya jawo ta intanet lokacin ɗorawar. Bambancinsu kamar na mai awon kwano kullum ne da wanda ya je Dawanau ya ɗauko buhu, mai netwok mai ƙarfi awon ya fi masa sauƙi, amma wanda zai ɗora wa kwamfuta talatin a ɗakin karatu ko cibiyar jarabawa buhun shi ne rufin asirinsa.

Wani abu da ya gyaru a Debian 12 kuma ya shafe mu sosai: a da faifan hukuma ba ya zuwa da ƙananan manhajojin kamfanoni da katin Wi-Fi da wasu sassan laftof ke buƙata kafin su tashi, sai ka gama ɗorawa ka tarar Wi-Fi ba ya aiki kuma ba ka da hanyar sauke abin da zai gyara shi. Bayan ƙuri'ar da masu aikin Debian suka kaɗa a 2022 aka fara saka su a ciki.

Jigdo

Ajiye duk waɗannan manyan fayilolin a kan sabobin duniya, wato kwamfutocin da ake sauke kaya daga cikinsu ta intanet, nauyi ne babba, shi yasa Debian faifan farko yake bayarwa kai tsaye a matsayin fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, sauran DVD ɗin da na Blu-ray da wani na filash mai giga 16 sai ta jigdo. Richard Atterer ne ya rubuta jigdo, aikinsa shi ne ya ɗauki wani ƙaramin fayil mai jerin abin da ke cikin faifan, ya bi ya tsinto fakitocin ɗaya bayan ɗaya daga sabar da ta fi kusa da kai, ya harhaɗa su su koma faifan daidai ba ragi ba ƙari. In wuta ta ɗauke ko netwok ya yanke yana ci gaba daga inda ya tsaya. Abin da ya fi burge ni da shi kuma, in kana da tsohon faifai sabon gyara ya fito, zaka nuna masa tsohon ya kwashe duk abin da bai canza ba, sabbin kawai zai sauke, ga mai sayen data da kuɗinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne wallahi.

Zamanin filash

Yawancin laftof na yanzu ba su da wajen saka faifai, na'urar buga Blu-ray kuwa ba kowa ma ya taɓa ganinta ba, don haka sunan DVD ne ya rage a jikin fayil ɗin amma filash ake zubawa. Ana rubuta shi da manhajar Rufus ko balenaEtcher ko umarnin dd, kuma hakan yana goge duk abin da ke kan filash ɗin, a kwashe hotuna da takardu tukuna. Ventoy, wata manhajar shirya filash, da ya fito a 2020 ya fi dacewa da mai gyara, sau ɗaya zaka shirya filash ɗin sannan ka riƙa jefa fayilolin ISO kala-kala, in ka kunna kwamfuta ya kawo maka jeri ka zaɓa. Sai a kula da FAT32, tsarin ajiyar da filash da yawa ke zuwa da shi, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, zaka ga filash mai giga 32 babu komai a ciki amma yana cewa fayil ya yi girma, maganin a mayar da shi exFAT ko NTFS in kwafar fayil ɗin kawai za a yi.

A Kano

Garin nan ba baƙo ba ne a harkar raba kaya hannu da hannu. Kasuwar Ƙofar Wambai ta daɗe tana raba kaset da faifan finafinan Hausa zuwa ko'ina, bayanta 'yan daunlodin suka karɓa suna turawa a waya da memori. Hanyar tana nan, kayan ne kawai ba a saba da shi ba. Mutum ɗaya mai netwok mai kyau, ɗalibi a BUK ko ma'aikacin ofis, in ya sauke faifan farko sau ɗaya ya ishi unguwa guda. Kuma lokacin ya zo daidai, Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma yana neman wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon furosesa wanda tarin tokumbon da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu ba su da shi, alhali lafiyarsu ƙalau, Debian da Xfce zai tafi a kansu sumul.

Inda ake samun matsala

Na farko filash na jabu, wanda aka rubuta giga 64 a jikinsa alhali cikinsa bai kai haka ba, zai nuna ya kwafa lafiya sai ana tsakiyar ɗorawa abu ya tsaya cak bayan an riga an goge tsohon tsarin. Ana gwada shi da manhajar H2testw ko f3 kafin a yarda da shi. Na biyu amana, tunda fayil ɗin ya bi hannu da yawa kafin ya iso ka. Kowane faifai yana da lambar tantancewa ta SHA256 ko SHA512 da masu shi suka wallafa kuma suka sa mata hannu, ka lissafa ta fayil ɗinka ka gwada, in harafi ɗaya ya saɓa kar ka ɗora. Ba tsoratarwa ba ce, a watan Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint, wani nau'in Linux, aka karkatar da mutane zuwa gurɓataccen ISO mai ɓoyayyiyar ƙofa a ciki.

Na uku faifai yana tsufa. Ranar da aka haɗa shi nan ya tsaya, gyaran tsaro kuwa kullum fitowa yake, Debian yana tattara su ya sake sabon faifai bayan 'yan watanni, shi yasa zaka ga 12.1, 12.2 haka. Kwamfutar da za ta riƙa hawa intanet dole a sabunta ta bayan ɗorawa ko da sau ɗaya ne a wata, Firefox musamman. Sannan masu tsofaffin kwamfutoci masu bit 32 su sani Debian 13 da ya fito a watan Agustan 2025 ya daina yi musu faifan ɗorawa, don haka mai gyaran da ke da ISO ɗin Debian 12 na bit 32 kar ya goge shi don neman fili a filash, irin waɗannan kwamfutocin har yanzu ana kawo su gyara.