Hawan jinin huhu: yadda ake gano shi da yadda ake maganinsa

Shin ba shi ne hawan jinin da muka sani ba?

A'a. Wanda ake aunawa a damtse ƙarfin bugun jini ne a jijiyoyin jiki. Shi wannan a jijiyoyin da ke kai jini daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu yake. Idan suka tsuke ko suka toshe, zuciyar dama ta yi ta turi har ta buɗe ta gaji. Ana iya auna mutum a damtse a ce masa lafiya lau, alhali ciwon na cinsa.

Ta yaya mutum zai yi zarginsa?

Haki ne kan fara. Hawa bene ko ɗan ɗaukar kaya sai numfashi ya yi sama, ga kasala. Daga baya ƙafafu su kumbura, wani har suma yake yi in ya yi aikin ƙarfi. Abin takaici, da yawa kan daɗe suna shan maganin asma kafin a waiwayi zuciyarsu.

Me ke jawo shi?

Likitoci sun kasa shi gida 5, kuma mafi yawansa daga wani ciwon yake tasowa: ciwon ɓangaren hagu na zuciya, lalacewar huhu bayan tarin fuka ko shaƙar hayaƙi na shekaru, gudan jini da ya daskare a jijiyoyin huhu, ko rami a zuciya tun haihuwa. A ƙasar Hausa dole a sa ido kan masu sikila, masu cutar ƙanjamau, da waɗanda tsargiya ta taɓa musu hanta.

Wane likita zan nema, wane gwaji za a yi?

Likitan zuciya ko na huhu. A nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Gwajin farko hoton zuciya ne da ake kira eko, sai hoton ƙirji, gwajin jini, da tafiyar minti 6 a ga nisan da mutum zai iya. Amma eko hasashe yake bayarwa. Tabbaci sai an zura siririn bututu ta jijiyar wuya ko ta cinya har cikin zuciyar dama an auna kai tsaye. Tun 2022 ƙa'idar likitocin Turai ita ce ana cewa mutum na da ciwon idan matsakaicin ƙarfin bugun jini a jijiyar huhu ya haura 20 a ma'aunin hawan jini (mmHg). Ba kowane asibiti ke yin wannan ba, don haka a tambayi likita tun farko inda za a samu.

An ce sildenafil na maganinsa. In saya a kyamis?

Don Allah kada a yi haka. Gaskiya ne ana ba wasu sildenafil ko bosentan, magungunan da ke buɗe jijiyoyin jini na huhu, amma ga wanda ciwonsa daga zuciyar hagu ya taso, suna iya ƙara masa wahala. A 2009 an dakatar da wani gwajin sildenafil kan masu sikila a Amurka saboda ciwon ƙashi ya riƙa tasar musu fiye da da. Bosentan kuwa yana cutar da ɗan tayi, kuma mai shansa sai ana duba hantarsa duk wata. Mai gudan jini maganin tsinka jini yake buƙata, wani ma tiyata kan warkar da shi.

Mace mai ciwon za ta iya ɗaukar ciki?

Haɗarin babba ne ga rayuwarta, musamman lokacin haihuwa da kwanakin jego. Ita da maigidanta su zauna da likita kafin cikin ya shiga, a zaɓa mata hanyar tazara da ta dace da zuciyarta.